Sunan Baba nake so in mayar wa ɗana, Edwad, amma gida ya rabu biyu

Autan Tanko, Narayi:

Jama'a barkanmu da war haka. Shawara nake nema, wanda kuma ya san tarihi ya taimaka mini da abin da ya sani.

Allah Ya sauki maiɗakina lafiya ranar Talatar da ta wuce, an samu namiji, bayan mata biyu. Tun cikin yana wata huɗu na ƙudurta a raina in dai namiji ne sunan mahaifina zan mayar. Baba ya rasu a 2019. Sunansa Edwad, a takarda Edward ake rubutawa. To yau kwana huɗu ke nan falona ya koma majalisa. Maiɗakin nawa ta ce ita ba za ta sha wahalar wata tara a zo a liƙa wa jaririnta sunan tsofaffi ba. Ta ce in nuna mata Edwad ɗaya tak a duk Narayi wanda bai yi furfura ba. Na zauna na ƙirga da yatsu: akwai tsohon katikis ɗinmu, mai koyar da addini a coci, akwai wani da ya yi aikin reluwe yana zaune a Kakuri, sai mai gyaran agogon da ke zama a bakin kasuwar Sabon Tasha a da, shi ma rabona da ganinsa an kwana biyu. Gaskiyarta, duk 'yan fansho ne. Ita Jayden take so, ko Ethan. Na ce mene ne ma'anar Jayden ɗin, ta ce ba ruwanta da ma'ana, daɗin faɗa gare shi. A ajin su babbar 'yarmu Jayden uku ne, in malama ta kira ɗaya duk su waiwayo.

Mama kuwa tun da ta iso daga Zonkwa don wankan jego ta yanke nata hukuncin. Ta ɗauki yaron ta ce maigidanta ya dawo, wai har goshin iri ɗaya. Sai kuma ƙanen matata, ɗan jami'a, ya shigo da tasa: wai sunan 'yan mulkin mallaka ne, kunya ce a wannan zamani baƙar fata ya sa wa ɗansa.

Bari in faɗi yadda Baba ya samu sunan. Tanko iyayensa suka sa masa, don mata uku ne a gabansa. Yana ɗan shekara goma sha biyu a makarantar mishan aka yi masa baftisma. Ya sha ba mu labari cewa ba wanda ya tambaye shi abin da yake so. An jera su a layi, Fada Bature ya zuba masa ruwa ya ce Edwad, shi ke nan. Abin da ya riƙa ba shi mamaki har ya tsufa shi ne su uku aka ba sunan nan a rana ɗaya, sai da garin suka koma cewa Edwad Dogo, Edwad Gajere da Edwad Tanko. Katin baftismar na nan a akwatinsa na ƙarfe, tare da katin aikinsa da rasiɗan kuɗin ƙungiya. Ya yi ja, gefensa gara ta taɓa, amma kwanan watan ya fito sarai: 13 ga Oktoba, 1957.

Da ya shigo Kaduna ya kama aiki a wata masaƙa a Kakuri, abokan aikinsa Kanawa da Zazzagawa suka ga sunan ya yi musu nauyi a baki, suka mayar da shi Adawa. Kuma ya dace da shi, domin ɗan ƙungiyar ma'aikata ne na gaban goshi, ba a yin taro bai ɗaga hannu ba. Ranar da aka binne shi wani dattijo ya zo tun daga Rigasa a kan keke, yana tambaya ko nan ne gidan Malam Adawa.

Tambayata uku ce. Me sunan yake nufi? Daga ina ya fito? Su masu abin, Turawan Ingila, sun yar da shi ne kamar yadda matata ke faɗa, ko har yanzu suna sa wa 'ya'yansu?

Tsohon Malami, Unguwar Rimi:

Ɗana, barka da arziki, Allah Ya raya. Shekara 31 na yi ina koyar da tarihi a sakandare, yau ka sosa mini inda ke mini ƙaiƙayi, sai ka yi haƙuri da tsawon bayani.

Sunan tsohon Turanci ne, na tun kafin harshen ya zama irin wanda muka koya a aji. Kalma biyu aka haɗa. Ead na nufin arziki da wadata, har da sa'a. Weard kuma mai tsaro. Mai tsaron arziki ke nan. Ead ɗin nan ita ce a farkon Edmond da Edwin da Edga, da Edith na mata. Haka mutanen wancan zamani suke ƙera suna, kamar dai yadda muke da Maiwada da Mainasara da Maikuɗi. Godwin ma da kake ji a Sabo daga can yake, kuma ba nasarar Allah yake nufi a asali ba, ƙarshensa aboki ake nufi.

Ga wani abin da ɗalibaina ke dariya in na faɗa. Kalmar gadi da muke cewa maigadi, aro muka yi daga Turanci. Turawan Ingila daga Faransanci suka karɓo ta, su kuma Faransawa daga wani tsohon yaren Jamusawa, ɗan'uwan tsohon Turanci. Tushenta ɗaya da weard. Wato kalmar ta yi dogon zagaye ne kawai ta zo ta same mu a bakin ƙofa da tocila. Hatta muƙamin Lod da ake liƙa wa Lugga asalinsa hlafweard ne, mai tsaron burodi, maigidan da ke riƙe da abincin gida.

Sunan ya kusa mutuwa sau ɗaya, mutuwa ta gaske ba irin wadda matarka ke faɗa ba. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci Ingila da yaƙi. Ka san halin talaka, sunan mai mulki yake bi. Cikin ƙarni biyu sai Wiliyam da Robat da Ricad da Henri suka cika gari, sunayen gargajiya irin su Atalstan da Wulfirik suka bi ruwa. Abin da ya ceci Edwad mutum ɗaya ne da ƙaunarsa ga wani mamaci. Akwai Sarki Edwad da ya yi mulki daga 1042 zuwa farkon 1066, mutum mai ibada, shi ya gina majami'ar Westminista, ya rasu bai bar ɗa ba. A 1161 Paparoma ya sa shi cikin waliyyai. Sarki Henri na Uku, wanda zuriyar waɗancan baƙin ne, ya ɗauki son duniya ya ɗora wa wannan waliyyi. Ya rushe majami'ar ya sake gina ta don girmama kabarinsa, da aka haifa masa ɗan fari a 1239 kuma ya sa masa Edwad, a lokacin da manyan fada ke ganin sunan ya zama na mutanen da. Ka ga ashe rigimar falonka ba yau aka fara ta ba. Yaron nan shi ya zama Edwad na Ɗaya, ya hau gado a 1272. Daga shi aka fara ƙirga har zuwa na Takwas, ba a sa ukun da suka yi sarauta kafin 1066 a lissafi ba. Kujerar da aka zaunar da Sarki Charles ranar naɗinsa a 2023, wannan Edwad na Ɗaya ne ya sa aka sassaƙa ta. Daga gidan sarautar ne sunan ya ƙetara: Eduardo a Sifaniya, Duarte a Fotugal, Édouard a Faransa, wanda ta nan ya iso ga Mendy, golan Senegal da yaranmu 'yan Chelsea suka yi ta yi wa kirari.

Yanzu ka koma ga katinka. 13 ga Oktoba ita ce ranar tunawa da wannan waliyyi Edwad a kalandar Katolika, ranar da aka mayar da gawarsa sabon makwanci a Westminista. Na duba, a 1957 ranar ta faɗo Lahadi. Ina kyautata zaton Fada kalandar da ke rataye a bango ya duba, ya ga sunan waliyyin ranar, ya raba wa yara uku. Da mahaifinka a hannun mishan ɗin SIM ya faɗa, waɗanda suka zama ECWA, da wataƙila Bitrus ko Ishaya ko Yohanna za ka mayar yau, don su sunayen Littafi Mai Tsarki na Hausa suka fi bayarwa, wanda aka kammala fassararsa a 1932.

Batun yayi kuwa, a Amurka matarka ta yi gaskiya. A shekarun 1910 da 1920 yana cikin sunaye goma na sahun gaba, yau ko a ɗari na farko ba ya ciki. A Ingila bai taɓa ɓacewa ba. Ya yi sanyi a tsakiyar ƙarnin da ya wuce, ya sake ɗagowa.

Kwamared, Kawo:

Baba Malam mun gode da karatu, amma da izininka akwai shafin da ka tsallake. A zamanin wa aka fasa ganuwar Kano a Fabrairun 1903? A zamanin wa aka ci Sakkwato a watan Maris, aka bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi aka kashe shi? Edwad na Bakwai ne a kan gadon Ingila, daga 1901 zuwa 1910. Da sunansa Lugga ya yi waɗannan yaƙe-yaƙe. Jikansa kuma, wanda ya zama na Takwas, yana Yarima ya zo Kano a 1925, aka tara sarakunanmu da dawakinsu suka yi masa hawan daba.

Ina da kwabo mai huji a durowata, na kakana ne. An rubuta 1936 a jiki, da sunan Edwad na Takwas zagaye da hujin, da rubutun Larabci, a baya kuma tauraro mai tsini shida. Mutumin ko shekara bai cika a sarauta ba, ya ajiye rawani a Disamba don ya auri wata bazawara Ba'amurkiya. A Ingila ma kuɗi mai sunansa bai shiga hannun jama'a ba, amma mu nan an riga an bugo an turo mana. Da irin wannan kwabo kakanninmu suka biya haraji.

Yayana, mahaifinka yana da sunan da uwarsa da ubansa suka zaɓa masa da bakinsu. Yaron nan ma bayan mata ya zo. Ka sa masa Tanko mana. Me ya sa sai wanda wani Bature ya tsinto a jikin kalanda?

Maman Walid, Tudun Wada:

Kwamared ka sassauta, gidan haihuwa muke ba filin zanga-zanga ba. In ka ɗaga hannun rigar mahaifiyarka za ka ga tabon lamba a damtsenta. Wanda ya fara wannan rigakafi na agana a 1796 likita ne a wani ƙauyen Ingila, Edwad Jenner, a makarantar koyon jinya muka haddace sunansa. Ni na tashi na tarar da tsofaffi masu zanen agana a fuska, wasu har ta makantar. A 1980 aka shelanta cewa ta ƙare a duniya. Suna ɗaya, wani ya aiko da bindiga, wani da magani. Amma batun Tanko ka yi magana, ina bayanka.

Ƙanena mai jego, ni ta wajen matarka zan duba maka. Shekara 28 ina karɓar haihuwa, na ga irin wannan ja-in-ja ba adadi. Anya tsufan sunan ne damuwarta? Ka yi tunani. Surukarta na zaune a tsakar gida, yaro ya kifar da kunu, ta buɗe baki ta ce "Edwad zan ci ƙaniyarka"? Sunan mijin tsohuwa fa! Wace mace mai kunya za ta iya? Ɗana na fari Abubakar ne, sunan mahaifin maigidana, yau shekararsa 34 ban taɓa kiran sunan nan da bakina ba. Walid muke ce masa, har ni ma na koma Maman Walid. Don haka aka yi Abba da Baba da Babangida da Halifa. Ku ma da kuke coci na san kuna da wannan kara, maƙwabtana a Kabala kafin mu taso haka suke yi. Ka ba ta sunan da za ta riƙa kira ba tare da ta ji nauyi ba, ka gani in rigimar ba ta kwanta ba.

'Yata tana aikin jinya a Manchesta, a ɗakin yara. Ta ce in ka ji ana kiran jarirai sai ka rantse gidan tsofaffi ne: Arthur, George, Alfie, Archie, Teddy. Sunayen kakanninsu suka tono. Teddy ɗin nan da Ted da Ned da Eddie duk ana yanko su daga Edwad, kodayake masu Theodore ma suna amsa Teddy. Yanzu ma gajeren suke rubutawa a takardar haihuwa kai tsaye. Abin dariya kuma, sunan da ya zo na ɗaya a Ingila da Wales a 2023 Muhammad ne. Su suna can suna cika da Muhammadu, mu muna nan muna neman Jayden.

Mu ma ai ba mu tsira ba. Lokacin da na fara aiki, a katin awo Tanko ne da Jatau da Bawa da Shekarau da Anaruwa. Kafin in yi ritaya sai Aiman da Afnan da Sultan da Amir. Wata yarinya ta taɓa ce mini sunan jaririnta a fim ɗin Turkiyya ta ji. Na ce Allah Ya raya, me zan ce?

Autan Tanko, Narayi:

Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Baba Malam, jiya da dare na karanta bayaninka, na kai wurin maigadi sai na ajiye wayar na fita waje. Akwai abin da ban faɗa ba a farko, don har yau ban saba faɗarsa ba.

Da masaƙar ta rufe, aka sallame su ba a biya su haƙƙinsu ba, Baba ya yi shekara biyu yana zaryar taro da takardu a jakar leda. Da ya ga ba ci, sai ya karɓi gadi a wani sito na siminti da rodi a Barnawa. Shekara goma sha ɗaya ya yi a bakin ƙofar nan. Mutumin da ya saba tsayawa gaban ɗaruruwan ma'aikata da lasifika, ya koma kan benci da bargo da tocila da 'yar rediyonsa mai ɗaure da roba. In an tambaye shi sai ya ce yana ɗan taya wani aboki ne. Ni nake kai masa tuwo da magariba a kwanon samira, kuma ta bayan layi nake bi, ta wajen kwata, don kada 'yan ajinmu su gan ni. A fom ɗin makaranta, wurin sana'ar uba, ɗan fansho na rubuta, alhali ko sisi bai taɓa karɓa ba. Da kuɗin gadin nan na yi foli. Yana da wani ɗan littafi da yake rubuta duk buhun da ya shiga da wanda ya fita, ba wanda ya sa shi, ba kuma aikinsa ba ne. Littafin na cikin akwatin nan, ƙarƙashin katin baftismar.

Da safe na karanta wa Mama, na fassara mata mai tsaron arziki. Ta yi shiru, can ta ce, "Ashe Fadan nan duba yake yi." Ta yi dariya har da hawaye, ta ce arzikin wasu dai ya tsare. Batun su uku a rana ɗaya kuwa ta ce kaico, da yana raye ya ji, don ya mutu yana zaton Fada sunaye ne suka ƙare masa.

Hajiya, kin harbi inda ya dace. Na tambayi maiɗakina a hankali bayan baƙi sun watse, ta ce ita dama abin da ke cin ta ke nan, ta yaya za ta yi wa Baba tsawa ko ta ɗaure masa nafkin tana kiran sunansa. Na ce to me ya hana ki faɗa tun farko? Ta ce ni me ya hana ni tambaya. Mun tsaya a kan Edwad Tanko a takarda, ita za ta riƙa kiransa Teddy. Mama ta ce ba ta san wannan ba, wai sunan 'yar tsana ne, ita maigida za ta ci gaba da cewa. Ethan ɗin ma bai mutu ba tukuna, don an ce mata fom ɗin haihuwa yana da gurbi uku.

Kwamared, ka ga Tankonka ya shiga. Ƙanen matata ya karanta naka ya ce a gaya maka kai kaɗai ne mai hankali a nan. Na je wurin katikis na roƙi a yi wa yaron baftisma ranar 13 ga Oktoba, ya buɗe littafinsa ya ce ta jarirai Asabar ɗin ƙarshen wata ake yi, ko ɗan bishop ne ba a sauyawa. Zan sake komawa da Mama, ita yana jin nauyinta.

Suna dai Talata ne da safe, akwai waina da kunun gyaɗa. Duk wanda zai zo ya yi mini magana ta akwatin saƙo in kwatanta masa gidan. Kwamared, don Allah ka taho da kwabon nan, Mama ta ce rabonta da ganin irinsa tun tana tallan gyaɗa a tashar jirgin Kafanchan.